Aikatau Mai Rakiya: Inda Turanci Yake Ɓoye Ma'ana

Gabatarwa

Cikin dukan sassan nahawun Turanci da wuya a sami wanda yake ba mai koyo wahala kamar aikatau ɗin nan da Turawa suke kira "phrasal verb". Shi ne aikatau wanda yake tafiya tare da wata 'yar ƙaramar kalma kamar "up", "out", "off" ko "down", wadda idan ta raɓe shi sai ma'anarsa ta sauya, wani lokaci kaɗan, wani lokaci kuma baki ɗaya. Ɗalibi ya san "give" shi ne bayarwa, ya san "up" shi ne sama, amma da ya haɗu da "give up" sai a ce masa ma'anarsa ita ce saduda ko daina yin abu. A wannan maƙala za a kira shi aikatau mai rakiya, ita kuwa ƙaramar kalmar a kira ta 'yar rakiya.

Ɗalibai da yawa sun ɗauka cewa wannan sashe ba shi da kai ba shi da gindi, sai dai hadda. Alhali kuwa akwai tsari a cikinsa, kuma duk wanda yake jin Hausa yana riƙe da babban mabuɗin wannan tsari a bakinsa, domin Hausa tana yin aiki irin wannan ta wata hanya tata.

Me ya sa abin ya shafi mutanen fadama?

Ƙaramar Hukumar Guri tana arewa maso gabashin Jihar Jigawa, cikin masarautar Haɗejiya, a fadamar nan da ta miƙe daga Haɗejiya har Nguru. Mutanenta manoma ne da masunta da makiyaya, kuma ban da Hausa ana jin Badanci da Manganci da Fulatanci. Saboda haka yaro da yawa a wannan yanki yakan tashi da harshen gida, ya koyi Hausa a kasuwa da wajen wasa, sa'an nan ya tarar da Turanci a aji a matsayin harshe na uku. Da Turancin nan zai karanta ilmin halittu da labarin ƙasa a sakandare, da shi zai rubuta jarrabawar WAEC ko NECO, kuma sai ya sami kiredit a cikinsa kafin jami'a ta karɓe shi, ko ta Tarayya da ke Dutse, ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa.

Umurnin da ke kan takardar jarrabawa cike yake da aikatau mai rakiya: "fill in" cike gurbi, "cross out" soke da layi, "work out" lissafa, "leave out" tsallake, "hand in" miƙa takarda. Haka nan littattafan kimiyya. A cikinsu ne ake cewa tsirrai suna "take in" iskar da mutum yake fitarwa, su kuma "give off" wadda yake shaƙa, wato suna zuƙar ɗaya suna fitar da ɗaya.

Abin bai tsaya a aji ba. Tun bayan da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗejiya ta sauya, ciyawar kacala ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa irin su mashigin Marma, kuma ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a shekaru irin su 2012 da 2020 da 2022. Rahotannin hukumomi game da waɗannan al'amura da Turanci ake fara rubuta su, kuma sau da yawa ɗan makarantar gida shi ne zai karanta ya fassara wa manya. Idan ya ga an rubuta "The village has been cut off", ba a nufin an sare wani abu. Ana nufin ruwa ya kewaye ƙauyen, ba shiga ba fita. "The bridge was washed away" ba wanke gada aka yi ba, ruwa ne ya tafi da ita. "Cholera has broken out" kuwa, annobar amai da gudawa ce ta ɓarke. Idan an ce taron rabon iri an yi masa "put off", ɗage shi aka yi. Idan kuwa "call off" ne, an fasa ke nan. Tsakanin ɗagewa da fasawa akwai kuɗin mota da wunin manomi guda.

Daga ina Turanci ya samo wannan ɗabi'a?

Turanci ɗan'uwan Jamusanci ne, kuma harsunan wannan dangi duka suna da ɗabi'ar haɗa aikatau da ƙananan kalmomi masu nuna wuri. A tsohon Turanci an fi manna irin waɗannan kalmomi a goshin aikatau, kamar yadda har yau ake gani a "understand" da "overcome". Sannu a hankali sai 'yar rakiya ta koma bayan aikatau ta tsaya da ƙafarta. Bayan da Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmomin Faransanci da na Latin suka kwararo cikin Turanci. Wannan ne ya sa yau abubuwa da yawa suke da suna biyu, ɗaya na gida ɗaya na aro: "put off" da "postpone", "put out" da "extinguish", "find out" da "discover", "give up" da "surrender". Na aron sun fi yawa a rubutun hukuma da na ilmi, na gidan kuma su ne Bature yake hira da su. Lamarin ya yi kama da zaman Hausa da Larabci, inda ake da "mutuwa" da "wafati", ko "roƙo" da "addu'a".

Tun a 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa a nan ne baƙi masu koyon Turanci suka fi shan wuya. Shi kuwa sunan "phrasal verb" ya fara fitowa ne a wani littafi na Logan Pearsall Smith a 1925, sa'an nan Dwight Bolinger ya rubuta littafi sukutum a kan batun a 1971.

Matakai uku na ma'ana

Masana nahawu sukan kasa aikatau mai rakiya gida uku bisa ga yadda ma'anarsa take fitowa.

Na farko shi ne wanda ma'anarsa take a fili. Aikatau yana nan da ma'anarsa, 'yar rakiya tana nuna inda aka dosa: "sit down" zauna, "stand up" miƙe, "come in" shigo, "go out" fita. Wannan ba ya ba kowa wahala.

Na biyu shi ne wanda aikatau ya riƙe ma'anarsa, amma 'yar rakiya ta bar batun wuri ta koma nuna yadda aikin ya gudana. "Up" a nan tana nuna an gama aiki sarai: "dry up", "use up", "eat up". "On" tana nuna ci gaba da yi: "carry on", "read on". "Out" takan nuna ƙarewa ko ɓacewa: "die out", "run out". "Off" takan nuna rabuwa: "cut off", "break off".

Na uku shi ne wanda ma'anarsa ta ɓuya, ko an san kalmomin biyu ba za a iya cankar abin da ake nufi ba: "put up with" jure wa, "take after" yin kama da iyaye, "bring up" raino, "turn down" ƙin karɓa. Wannan rukuni karin magana ne tsantsa.

Ɗalibin da ya iya bambance waɗannan matakai ya rage wa kansa aiki ƙwarai, domin rukuni na ukun ne kaɗai yake bukatar hadda. Na biyun kuwa, Hausa tana da takwaransa.

Abin da Hausa take yi da ƙarshen aikatau

A shekarar 1960 F. W. Parsons, malami a makarantar nazarin harsunan Afirka da na Gabas ta Jami'ar Landan, ya bayyana cewa aikatau na Hausa yana da azuzuwa bakwai, waɗanda ake kira giredi. Saiwa ɗaya ce, amma da zarar an sauya wasalin ƙarshe da karin sauti sai ma'ana ta ɗan gusa. Masana da suka biyo baya, irin su M. K. M. Galadanci da Paul Newman, sun faɗaɗa wannan bayani. Mai karatu ya dubi saiwar "zub-":

Ya zuba ruwa a randa.
Ruwa ya zube.
Ya zubar da ruwa.
Ya zubo ruwa.

Kowane Bahaushe ya san bambancin waɗannan jimloli ba tare da an koya masa a aji ba. To, aikin da wasalin ƙarshe ya yi a nan shi ne aikin da 'yar rakiya take yi a Turanci. "Zuba" shi ne "pour in", "zubar" shi ne "pour out" ko "pour away", "zube" kuwa shi ne "spill out". Hausa tana manna alamar a jikin aikatau, Turanci yana ajiye ta a gefe.

Giredi na huɗu, wanda yake ƙarewa da wasalin "e", shi ne ya fi amfani ga mai koyo. Yana nuna an yi aiki har ƙarshe, ba a rage kome ba. Wanda ya ci tuwo yana iya rage saura, amma wanda ya cinye bai bar kome ba. Wannan shi ne ainihin bambancin "eat" da "eat up". Haka "sha" da "shanye" suke daidai da "drink" da "drink up". Ɗan kasuwar da ya sayi shinkafa a kasuwar Haɗejiya ya yi "buy", wanda ya saye ta kuwa ya yi "buy up". Tafkin da ya ƙafe ya yi "dry up". Mashigin ruwa da laka ta cike shi ya yi "silt up", wanda kacala ta toshe an yi masa "block up". Rumbun da ya ƙone ƙurmus ya yi "burn down". Duk inda ɗalibi ya ga "up" ba ta nufin sama, ya fara gwada wasalin "e" tukuna. Sau da yawa zai ga ma'ana ta fito.

Giredi na biyar, mai ƙarewa da "ar", yana nuna aikin ya tashi daga wajen mai yi ya nufi waje: jefar da, bayar da, fitar da, kawar da. Turanci yakan yi wannan da "away", "out" ko "off": "throw away", "give away", "take out", "clear off".

Giredi na shida, mai ƙarewa da "o", yana nuna aikin ya nufo wajen mai magana. A nan Turanci yakan sauya aikatau ɗin kansa, ya bar 'yar rakiya yadda take. Fita shi ne "go out", fito shi ne "come out". Shiga shi ne "go in", shigo shi ne "come in". Fitar da kaya shi ne "take out", fito da kaya shi ne "bring out". Koma shi ne "go back", komo ko dawo shi ne "come back". Ɗaliban da suke rikita "bring" da "take" za su huta idan suka tuna cewa "come" da "bring" su ne masu wasalin "o".

Ba Hausa kaɗai take da wannan tsari ba. Harsunan dangin Cadi da dama suna da ɗafi mai nuna gama aiki sarai da mai nuna nufowa wajen mai magana, kamar yadda Russell Schuh ya bayyana game da Ngizim, wanda ɗan'uwan Badanci ne na kusa.

Sai dai a lura, wannan kwatanci jagora ne kurum. Akwai wuraren da ba ya aiki, kamar "turn up" da ke nufin bayyana a wuri, ko "make up" da ke nufin ƙirƙiro labari, ko shiryawa bayan faɗa, ko kwalliya.

Waɗanda sai an haddace

Rukuni na uku ma ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa. A dubi aikatau "ci": ci amana, ci bashi, ci kasuwa, ci sarauta, ci jarrabawa, ci gaba, ci mutunci. A dubi "sha": sha kashi, sha wahala, sha iska, sha alwashi. Baturen da yake koyon Hausa, idan ya ji an ce wane ya sha kashi, zai ruɗe kamar yadda ɗan Guri yake ruɗewa da "put up with". A 2009 Philip Jaggar da Malami Buba sun yi nazarin waɗannan kalmomi biyu, suka nuna cewa a ƙarƙashin tarin ma'anonin akwai tsari: "ci" ya fi karkata ga rinjaye da samun galaba, "sha" kuma ga abin da ya auka wa mutum ya jure. Bambancin kawai shi ne Hausa tana raka aikatau da suna, Turanci yana raka shi da harafi. Yadda yaro ya koyi "ja kunne" da "sa baki" a dunƙule, ba tare da ya tsinka su kalma-kalma ba, haka ya kamata ya koyi "look after" da "give in".

Wani abin lura shi ne aikatau ɗaya yakan ɗauki 'yan rakiya daban-daban, ma'anoni su yi hannun riga. "Pass by" wucewa ne, "pass away" rasuwa ce, "pass out" suma ne, ko da yake a bakin soja da masu yi wa ƙasa hidima yana nufin kammala horo.

Ƙa'idojin jeri

Akwai ƙa'idoji uku da ya wajaba a kiyaye. Ta farko, da yawa daga cikinsu ana iya raba su da karɓau: ana cewa "put out the fire", ana kuma cewa "put the fire out", duka daidai ne. Ta biyu, idan karɓau wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: "put it out" ake cewa, "put out it" kuskure ne. Ta uku, akwai waɗanda ba su rabuwa ko kaɗan, kamar "look after the goats" da "look after them", haka kuma masu 'yan rakiya biyu irin su "run out of" da "put up with". Ƙamus mai kyau yakan nuna wanda yake rabuwa da wanda ba ya rabuwa.

Turancin Nijeriya yana da nasa salo a wannan fage, kamar yadda David Jowitt ya tattara a littafinsa na 1991. Akan jefar da aikatau a riƙe 'yar rakiya, a ce "off the light" a maimakon "switch off the light". Akan ƙara 'yar rakiya inda ba a bukatarta, a ce "cope up with" a maimakon "cope with". A hira kowa ya gane abin da ake nufi, amma mai duba takardar jarrabawa zai ja layi a ƙarƙashinsu.

Nawa ne ya wajaba a sani?

Ƙamusoshin da aka keɓe wa wannan aikatau suna ɗauke da dubbai, abin da yakan karya wa ɗalibi gwiwa. Binciken da aka yi da kwamfuta ya kawo sauƙi. A 2007 Dee Gardner da Mark Davies sun tace wata taskar rubutu da maganganun Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100, suka tarar da aikatau mai rakiya sau 518,923. Sun gano cewa aikatau 20 kacal, haɗe da 'yan rakiya 8, su ne suka samar da fiye da rabin wannan adadi. 'Yan rakiyan su ne "out", "up", "on", "back", "down", "in", "off" da "over". Har ila yau guda 25 kaɗai sun ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku, guda 100 kuma sun ɗauki fiye da rabi. Inda gizo yake saƙa shi ne waɗannan 100 suna da ma'anoni har 559. Don haka a 2015 Mélodie Garnier da Norbert Schmitt suka tsara jerin guda 150 mafi yawan aukuwa, suka zaɓo ma'anoni 288 da aka fi amfani da su. Ɗalibin da yake koyon ma'ana biyu kullum zai gama da su cikin wata biyar.

Wani binciken kuma ya shafi ɗabi'ar masu koyo. A 1985 Dagut da Laufer sun gano cewa ɗalibai masu jin Ibrananci, harshen da ba shi da irin wannan gini, sukan kauce wa aikatau mai rakiya su zaɓi doguwar kalma guda. A 1993 Laufer da Eliasson suka gwada ɗaliban Suwidin, waɗanda harshensu yake da shi, suka ga ba su kauce masa ba. Wato mai koyo yakan saki jiki da abin da ya ga alamarsa a harshensa. Ɗan Hausa ba zai ga wannan alama da kansa ba, tun da tasa tana manne a ƙarshen aikatau. Aikin malami ne ya nuna masa.

Shawara ga malamai da ɗalibai

Ya fi kyau a tsara darasi bisa 'yar rakiya maimakon bisa aikatau. A ware mako guda ga "up" mai nuna gamawa, a jera ta da cinye, shanye, ƙafe, toshe. Wani makon a ɗauki "away" da "out" a jera su da jefar, zubar, fitar. Misalai kuma su fito daga abin da yaro yake gani: ruwa ya janye, "the water has gone down"; kacala ta mamaye gona, "the grass has taken over the farm"; jan-baki sun cinye shinkafa, "the birds have eaten up the rice"; an kori tsuntsaye, "they were driven away".

Shi kuma ɗalibi ya tanadi littafi na musamman. Duk wanda ya tsinta a karatu ko a rediyo ya rubuta shi cikin cikakkiyar jimla, ya sa ma'anarsa da Hausa, ya sa takwararsa ta aro idan akwai, sa'an nan ya yi alamar ko yana rabuwa. Ya kuma lura da sunayen da ake ƙerawa daga gare su, domin suna da yawa a kimiyya: "outbreak" ɓarkewar cuta, "breakdown" lalacewar inji, "runoff" ruwan sama da yake malala a bisa ƙasa ya faɗa kogi.

Kammalawa

Aikatau mai rakiya kashi uku ne: wanda ake ganewa da ido, wanda ake ganewa ta hanyar giredin Hausa, da wanda ake haddacewa kamar karin magana. Waɗanda aka fi bukata yau da kullum ba su da yawa. Yaron da ya riga ya iya harshe biyu kafin ya shiga aji ɗaya, wanda ya san bambancin "sha" da "shanye" tun yana goye, ba ƙaramin jari ya zo da shi makaranta ba. Abin da ya rage shi ne malamin Turanci da malamin Hausa su zauna tare su tsara darasin, domin kowannensu yana riƙe da rabin bayanin.